Takalman Baba Nomau

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. In na zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon tela, wannan ya kama hannuna ya juya ya ce, "Malam Garba, mi yas samu tahin hannunka?" Wancan ya ce wai da gaske ne na je garin da ba su da shugaba, kuma har sun fi mu zaman lafiya. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauka ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gida. Ga shi nan na rubuta gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Kun dai san ni. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin ofis a nan Talata Mafara kafin na yi ritaya, kuma in ban koyi komai ba, na koyi abu ɗaya: kowace matsala tana da ƙofa, kowace ƙofa tana da mai ita. Ka nemo shi, ka durƙusa, ka ce ranka ya daɗe, ka ajiye ɗan abin da ka zo da shi, ka jira. Da wannan ilimi na ci abinci, da shi kuma na kama hanya.

Abin da ya tashe ni waya ce daga ƙanwata Kulu. Tana aure a wani ƙauye bayan Damri, cikin ƙasar Bakura. Ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu tana can. Bari mu kira shi Tungar Shawara, za ku ga dalili. Mijinta Mamman ya rasu wata biyu kafin nan, ya bar mata 'ya'ya huɗu ƙanana da lambun albasa da ya dasa da hannunsa a fadama. Albasar nan ita ce hatsinsu na shekara, ita ce suturarsu. Kulu kuwa tana cikin takaba, ko ƙofar gida ba ta leƙawa.

"Yaya," ta ce, "kwana tara ke nan ba a ba lambun Mamman ruwa ba. In anka ƙara kwana ukku, sai dai a saki awaki ciki."

"Wa yah hana?"

"Babu wanda yah hana."

"To wa ka ba da ruwan?"

"Ƙungiya."

"Wa ash shugaban ƙungiyar?"

Sai ta ce, "Kai dai taho, Yaya."

Na ce a raina, mace ce tana cikin gida, ba ta san kan abubuwa ba. Allah ya yafe mini wannan tunani. Na shiga kasuwa na sayi farin goro manya-manya, da kwalbar turare, da hula zanna wadda ni kaina ban taɓa sa irinta ba. Na zuba a jaka, na saka babbar rigata ta zuwa ɗaurin aure, na ce wa iyali jibi ina nan tafe.

A tasha hankalina ya ƙara kwanciya, don a can duniya tana tsaye da ƙafarta. Akwai shugaban tasha, akwai mataimakinsa, akwai mai rubuta layi, akwai ɗan kamasho, har mai tura mota in ta ƙi tashi yana da wanda yake ce wa maigida. Aka cusa mu bakwai a motar mutum biyar, aka ɗora mini kwandon kajin wata tsohuwa a cinya. Kafin mu kai Bakura kajin sun yi wa babbar rigata ado wuri uku. Tsohuwar ta duba ta ce ai arziki ne. Na ce na gode, Allah ya ba ta irinsa.

Daga Bakura sai babur. Na sami wani dattijo mai furfura a gemu, sunansa Altine, ɗan yankin, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: mu isa kafin la'asar. Kun san zamanin da muke ciki, ba sai na yi bayani ba. Muka wuce Damri, muka saki hanyar mota muka kama turba. Gab da ƙauyen muka tarar da shingen 'yan sa-kai, guntun icce a gicciye bisa duwatsu biyu, da mutum uku a inuwa. Suka ce a buɗe jaka. Babbansu ya ɗaga hular yana juya ta.

"Alhaji, wa za a naɗa?"

"Gaisuwa ta," na ce. "Ta shugaban masu lambu na Tungar Shawara."

Ya dubi Altine, Altine ya dubi ƙasa. Sai dariya. Ɗayansu har da zama a ƙasa yana riƙe da ciki. Da suka ɗage iccen, babban ya ce, "In ka gane shi, don Allah ka gaishe muna shi. Mu ma shekara shidda muna biɗa tai."

A sauran hanyar Altine ya ba ni tarihi, iska tana kwashe rabi. Masu lambu talatin da wani abu ne suka haɗu suka sayi injin ban-ruwa ɗaya, suna jawo ruwa daga gulbi, kowa da ranarsa. Da can suna da shugaba kamar kowane taron mutanen kirki. Na farko ya gano cewa lambunsa ya fi na kowa ƙishirwa. Na biyu ya gano cewa na surukinsa ne ya fi. Na uku bai tsaya ƙananan abubuwa ba, ya ɗora injin a amalanke ya ce zai kai gyara, har yau ana gyaran. Da suka sake haɗa wani injin, sai suka yi rantsuwa a gindin tsamiya: ba shugaba, ba mataimaki, ba sarkin ruwa. Kowa daidai da kowa. Magana sai ta zagaya kowa ya faɗi tasa, kuma ba a zartar da komai sai in babu mai ja.

"Kuma abin na tahiya?" na tambaye shi.

"Ƙwarai," in ji Altine. "Tun sannan ba a ƙara jin wani ya kai ƙara ba. Ƙarar wa za ya kai?"

Kulu ta rame. Muka gaisa, muka sake yi wa juna gaisuwar Mamman, ta kawo mini hoce, gurasar dawar nan tamu, da ƙuli da ruwan randa. Hocen nan ya fi namu na Mafara tauri, sai da na tuna cewa haƙorana ma sun yi ritaya. Masaukina zauren marigayi ne, ni da buhun taki biyu da wata akuya da ta riga ni kama wuri, kuma ta nuna mini ba ta da niyyar tashi.

Kafin rana ta faɗi na gangara fadama. Lambunan mutane kore shar, na Mamman ne kaɗai a tsakiya ya yi jawur. Ganyen albasar ya yi yaushi, bakinsa ya ƙone, ƙasar fangalin, wato komin shukar, ta tsage har ina zura yatsa. Fangali arba'in, duk a jere kamar an sa igiya, don Mamman mutum ne mai tsabtar aiki. Na tsuguna a wurin, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ga tiyon ƙungiya nan kwance a gefen lambun, ya kumbura da ruwa, yana wucewa zuwa lambun gaba. Na tambayi wani mai wucewa na wane ne wancan. Ya ce na Baba Nomau ne, wani tsoho, bawan Allah, ba ruwansa da kowa.

Na bi tiyon har bakin gulbi, na tarar da mai kula da injin, wani ƙato mai suna Bala, hannunsa duk baƙin mai. Na ce yauwa, ga ƙofa. Na rage tsawo na ce, "Ranka shi daɗe," na kai hannu jaka. Mutumin nan ya yi tsalle baya kamar na nuna masa maciji.

"A'a, Alhaji, kak ka jawo min! Ni ba kowa ba na. Takarda nika bi. Sunan da ag ga takarda, shi nika ba ruwa."

"Sunan Mamman hwa?"

"Babu shi."

"Wa yac cire shi?"

"Ba a cire ba. Ba a dai rubuta ba."

Takardar kuwa tana hannun wani Malam Ilu, Malam Ilu kuma ya tafi Faru, cikin ƙasar Maradun, duba wani sa na huɗa da zai saya.

Da sassafe muka sake hawa babur ni da Altine. Kuna ta tambayata yadda iyakarsu take. To, iyakar Bakura da Maradun ta wannan turba ba tuta, ba jami'i. Wani busasshen rafi ne mai yashi, kuma yashin da kansa yake karɓar haraji, don muna shiga tsakiya ya kayar da mu. Altine ya tashi yana kakkaɓe gemu ya ce, "Sannu da zuwa Maradun." Ni dai jakar gaisuwa na rungume, don gara gwiwata da kwalbar turare.

Muka sami Malam Ilu ya buɗe bakin sa yana ƙirga masa haƙora. Siriri ne, da biro a maƙale a kunne. Bayan mun gaisa har gaisuwa ta gaji, ya yi mini bayani a tsanake, irin na mutumin da albasarsa ta sha ruwa jiya. Duk kwana goma ana sabon layi. A gindin tsamiya ake kiran sunaye, wanda ya amsa a rubuta shi. Kwanakin farko bayan rasuwar, maƙwabta sun riƙa amsa wa Mamman don tausayi. Da zafi ya shigo, gulbi ya ja baya, sai tausayin ma ya ja baya. Aka kira Mamman sau uku, bai amsa ba.

"Malam, mutumin ga ya rasu!"

"Mun sani, ai mu munka yi mai sutura. Amma ƙa'ida ba ta ce a rubuta wanda bai amsa ba."

"Matatai hwa?"

"Tana takaba. Kuma mata ba su zama tsamiya."

"An hana su?"

"Subhanallahi! Wa ad da ikon hana su? Ba su dai zuwa."

Na ce to ga biro a kunnenka, rubuta ta yanzu, ko wannan sa ba zai ba da labari ba. Ya dafe ƙirji. "In na rubuta da kaina, ai na zama shugaba ke nan. So kaka yi a ce Ilu ya ɗauki inji?" Hula ya ƙi, turare ya ƙi, goro ɗaya ya karɓa, ya ce wannan na zumunci ne. Ya ce in zo tsamiya bayan la'asar, don kowa yana da damar kawo magana, har baƙo. Ashe kullum suke zama. Mu da muke da shugaba sau ɗaya a wata muke taro, shi ma rabinmu barci muke yi. Muka sha fura da nono a wurin wata Bafulatana, ita kaɗai ce a tafiyar nan na nemi abu a wurinta ta ba ni ba tare da ta tura ni wurin wani ba.

Zaman tsamiya abin kallo ne, in dai ba albasarka ce ke mutuwa ba. An shimfiɗa tabarmi a zagaye, kowa ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Ko turmi ba a yarda wani ya kifa ya hau ba, don kada kansa ya fi na wani tsawo. Magana tana farawa daga mafi ƙarancin shekaru, ta hau har ta ƙare a kan mafi tsufa, wai don kada manya su rinjayi ƙanana. Sai ta kai ƙarshe sannan a tambaya ko akwai mai ja. In kuwa wani ya tashi kafin ta kai, zama bai cika ba, sai gobe. Wallahi da na ji tsarin sai da ya burge ni. Na ce ashe a ƙauye aka ɓoye adalci.

Na miƙe na yi jawabi. Ba yabon kai ba, na ja aya, na ambaci marayu, na ga wasu suna share ido. Aka fara zagayawa. Kowa sai ya gai da jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa Mamman addu'a, sannan ya ce shi dai a ganinsa a ba marayu ruwa. Na ashirin ya faɗi abin da na farko ya faɗa, sai dai ya fi shi tsawo. Ina zaune ina lissafin cewa gobe war haka ina Mafara.

Saura mutum biyu a kai ƙarshe, sai wani ɗan tsoho da ke jingine da tsamiya, wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba, ya kai hannu baya ya jawo takalmansa. Jajaye ne na fata, sun sha duniya. Ya buga su da juna, kwas, kwas, ya zura ƙafar hagu. Bai kai ga ta dama ba mai magana ya haɗiye sauran maganarsa, mutane suka fara miƙewa suna naɗe tabarmi, ana "To, sai Allah ya kai mu." Kafin na rufe baki wurin ya watse.

"Malam Ilu, mi yaf faru?"

"Zama bai cika ba. Baba Nomau ya tashi."

"Don mi?"

"Tsoho na. Wataƙila alwala ta matsa mai. Ai bai ce a'a ba, ko ka ji ya ce?"

Na koma gida na zayyana wa Kulu, ina cewa rashin sa'a ne kawai, saura ƙiris. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Mamman shi kan ce, ga tsamiya baƙo ka kallon baki, ɗan gari ƙahwa shika kallo. Shekara shidda Baba Nomau bai taɓa ce ma kowa a'a ba. Bai kuma taɓa zama har ƙarshen maganad da bai so ba."

"To ranar Mamman, wa ka shan ta?"

"Tiyo ba shi tsayawa, Yaya. Lambun da ag gaba shi ka sha."

Raina ya ɓaci, ɓacin da na daɗe ban ji irinsa ba. Na yi Bakura, na yi Maradun, na faɗi a yashi ina neman shugaba, ashe yana jingine da tsamiya yana gyangyaɗi. A ofis mai hana ka yakan sa hannu a takarda, ka san sunan da za ka tsine wa. Wannan ko tari bai yi ba. Kuma gobe kwana goma sha ɗaya ke nan, Kulu ta ce sha biyu ne iyaka.

Kashegari na wanke babbar rigata, na shanya, na saka. Na isa tsamiya da wuri, na nufi Baba Nomau kai tsaye. Nan ne shekara talatin ɗina suka yi rana. Na zube a gefensa, na baza riga kamar kaza a kan ƙwai, na shiga gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ina iyali, ina zafi, ina ƙafa, ina jikoki, ina dabbobi, ina haƙurin rashin Mamman. Yana "lahiya lau" idonsa a lumshe, hannuna kuwa yana aiki a ƙarƙashin riga. Da na tashi, takalman suna cikin jakata, kwance a kan hular shugaba. Ni Garba, da furfurata, na saci takalmin tsoho. Ban yi nadama ba a lokacin, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na yi ba.

Aka sake buɗe maganar, aka sake zagayawa, kowa ya sake zuba tausayinsa na jiya, don tausayin da ka san ba za a zartar ba arha gare shi. Saura mutum biyu, hannun Baba Nomau ya tafi baya. Ya shafa ƙasa. Ya matsa dama, ya shafa saiwa. Ya matsa hagu. Idon mutum talatin yana kan hannun nan, mai magana ya rasa ko ya tsaya ko ya ci gaba, sai ya riƙa maimaita "wato, wato" kamar injin da mai ya ƙare masa. Ƙasar wurin ga ƙaya ga zafi, kuma dattijo irinsa ba ya ratsa gari ba takalmi. Na kusa da na ƙarshe ya yi tasa a gajarce. Kowa ya juya wajen tsohon.

Malam Ilu ya ce, "Saura Baba."

Tsohon ya buɗe ido sosai, karo na farko da na ga ƙwayar idonsa. Bai dubi kowa ba sai ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi murmushi.

"Ni wa na, da zan hana marayu ruwa? A ba su."

"Akwai mai ja?" in ji Malam Ilu, kamar mai tambaya ko akwai mai son mutuwa. Babu. Ya zaro biro daga kunne ya rubuta magadan Mamman, gobe da safe. Da aka tashi na zagaya bayan tsamiya, na yi ɗan dube-dube, na ɗago takalma na ce, af, ga su nan. Baba Nomau ya karɓa da hannu biyu.

"Allah shi yi ma albarka, baƙo. Idonka na da kaihi. Ka iske su inda ba su hwaɗi ba."

Kashegari da hantsi Bala ya juya tiyo. Na tsaya ina jin ƙasar tana shan ruwa, tana ƙara kamar mai tsotsar fura. Na bar jakar gaisuwa a wurin Kulu, tun da ba ta da mai ita, na hau bayan Altine ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Wannan shi ne rabin da na ba ku da bakina a majalisa, kuka yi ta dariya, har tela ya ce a tsayar da ni takara. Ga rabin da na ɓoye.

Bayan mako biyar Kulu ta sake kira. Albasa ta rayu, ta yi kai, ta isa haƙa. A garin nan haƙar albasa gayya ake yi, kuma ba a kiran kowa: da an ga ganyen lambunka ya kwanta, da safe za ka ga mutane da fartanya, kai dai ka tanadi abinci. Kulu ta dafa abincin gayya sau biyu, sau biyu ita da yara suka ci abinsu har ya yi tsami. Albasa kuwa in ta nuna aka bar ta cikin ƙasa da zafin nan, dahuwa take yi.

Na sake bin hanyar, wannan karon ba babbar riga. Na sami Bala, ya ce bayansa ke ciwo. Na sami Malam Ilu, ya ce sabon sansa ba ya jin daɗi. Wani ya ce suna gare shi, wani ya ce ai shi ya ɗauka an riga an haƙe. Na kai maganar tsamiya, aka ce mini cikin ladabi gayya ba aikin ƙungiya ba ce, zumunci ce, zumunci kuwa ba a tilasta shi. Baba Nomau yana nan jingine inda na bar shi. Abu ɗaya ne ya sauya: yanzu a kan takalmansa yake zama.

Na ce ba komai, ni ma ɗan manomi ne. Na ɗauki fartanyar Mamman na shiga lambu. Hannun da ya shekara talatin ba ya ɗaga abin da ya fi fayil nauyi, kwana biyu ya yi ya fashe. Fangali biyar na haƙe cikin arba'in, a na biyar ɗin ma na fara tarar da waɗanda suka yi laushi suna wari. Ga amsar tambayarku game da tafin hannuna.

Da yamma ta biyu na dawo gida ina tafiya kamar an ɗaure ni, Kulu ta shafa mini man kaɗe a hannu. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da jakata, ta ajiye a gabana. Hula tana nan, turare yana nan, ta aika an sayo sabon goro.

"Kulu, in kai wajen mutumin da yas sha ruwan ɗiyanki?"

"Yaya, kai ka ci nasara ka koma Mahwara. Ni nan nika kwana. Nan ɗiyan ga za su girma, nan za su yi aure, kuma baɗi ma za a kira suna ga tsamiya."

Na ɗauki jaka da gefen hannu, don tafin ba ya riƙo, na tafi kafin magariba.

Baba Nomau yana zaune a ƙofar gidansa a kan buzu. Na durƙusa, durƙuso na gaske, na ce, "Ranka shi daɗe." Bai yi tsalle ba kamar Bala, bai dafe ƙirji ba kamar Malam Ilu. Na jera masa goro, da turare, da hula.

"Haba baƙo, mi yak kawo wagga wahala? Ni ba kowa ba na. Ɗaya nike cikin talatin."

Yana faɗa yana cire tsohuwar hularsa. Ya ɗora sabuwar, ta zauna daidai kamar an auna kansa. Bai ambaci takalmi ba, ban ambaci albasa ba. Muka yi hirar zafi da tsadar taki, ya sa mini albarka, na tashi.

Ana cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma ni na durƙusa wa mutane iri-iri a rayuwata ban ji komai ba. Amma waɗancan sunansu yana rubuce a ƙofa, kowa ya san su ne, ana iya kai ƙararsu, ana iya yi musu canjin wurin aiki, in ba komai wata rana za su yi ritaya kamar ni. Wannan ba a naɗa shi ba, balle a tuɓe shi. A hanyar komawa kunya ta rufe ni, kuma ba kunyar satar takalmi ba ce. Kunyar Kulu ce, da na zo na nuna gwaninta a garin da ita za ta ci gaba da zama.

Da gari ya waye na ɗauki fartanya na gangara fadama, ina tunanin yadda zan riƙe ta. Tun daga nesa na jiyo hayaniya. Mutum sun fi ashirin a lambun Mamman, ƙasa tana tashi, albasa tana taruwa tsibi-tsibi. Ga Bala a gaba, bayansa ya warke. Ga Malam Ilu da biro a kunne, san ma ashe ya samu sauƙi. Suka yi mini sannu da fitowa, wani ya karɓe fartanyar daga hannuna ya ce in je inuwa in huta.

Na matsa kusa da Bala na rage murya. "Don Allah, tsakanina da kai. Wa yac ce ku zo?"

Ya ɗago, ya share gumi, ya dube ni da mamaki na gaskiya.

"Babu kowa, Alhaji. Ai mu nan ba mu da shugaba."